"Ai Shi Ya Yarda": Hakkin Malamin Lesin a Jabal Auliya

Idan mutum ya bar birnin Kartum ya nufi kudu, ya bi gaɓar Farin Nilu har ya wuce unguwannin Kalakla, bayan tafiyar wajen kilomita 40 zai iske wani dutse a bakin kogi, da wata doguwar madatsar ruwa wadda ta ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa. Nan ne Jabal Auliya. An fara ginin madatsar a 1933, aka gama a 1937, a zamanin da Ingila da Masar suke riƙe da Sudan tare. Masar ce ta biya kuɗin aikin, saboda haka ita ce mai ruwan. Akan tare ruwan sa'ad da kogi ya cika, a sake shi da rani domin ya shayar da gonakin Masar. Sai a 1977, bayan Masar ta sami babbar madatsarta ta Aswan, aka danƙa wa Sudan wannan. Shekara 40 ke nan mutanen wurin suna kwana suna tashi a bakin ruwan da aka ajiye wa waɗansu.

Sunan Jabal Auliya bai tsaya a kan dutsen da madatsar kaɗai ba. Shi ne sunan ƙaramar hukumar da ta haɗa kudancin Kartum, har da Kalakla da Mayo, inda talakawan birni suka yi yawa. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta kwashe 'yan gudun hijira na Kudancin Sudan da na duwatsun Nuba, waɗanda yaƙi ya koro, ta zaunar da su a sansanoni huɗu a bayan gari: ɗaya a Jabal Auliya, ɗaya a Mayo, biyu a yammacin Umdurman. Da yawa cikinsu Kirista ne. A waɗannan unguwanni kuma akwai Hausawa, jikokin waɗanda suka bi hanyar Makka da ƙafa, da na waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Irin waɗannan iyaye ba su da gona a birni, ba su da dukiyar da za su bar wa ɗa. Abin da suke fata su bar masa shi ne takarda.

Takardar kuwa tana da ƙofa ɗaya, watau jarrabawar ƙarshen sakandare da ake kira Shahada Sudaniyya. Makin da yaro ya samu a cikinta shi ne zai faɗi ko zai shiga jami'a, shi ne kuma zai faɗi abin da zai karanta a can. Maki biyu ko uku sukan raba mai karatun likita da wanda zai koma kasuwa. To, uban da ɗansa yake zaune a ajin da ya cika maƙil, wanda malaminsa bai ma san sunansa ba, me zai yi? Sai ya nemi ƙari. Mutanen Sudan suna ce wa wannan ƙari durus khususiyya, ko kuwa kursat. Mu a Kano da Zariya da Jos muna ce masa lesin. Abu ɗaya ne: ɗaki ko rumfa, bencina, allo, da malami wanda zai tsaya daga la'asar har bayan magariba yana maimaita lissafi da Turanci da kimiyya.

Maganar wannan malami nake so mu duba, gama shi ne ba a cika tunawa da shi ba. Ana yawan gardama a kan ko lesin yana amfanin yara, ana kukan tsadarsa. Amma wanda yake riƙe da alli, da wuya ka ji an tambayi yadda yake kwana.

Malaman lesin iri biyu ne. Akwai malamin gwamnati wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, sai ya sayar da maraicensa. Akwai kuma saurayi ko budurwa da suka gama jami'a ba su sami aiki ba, lesin ɗin shi ne dukan abincinsu. Domin mu gane na farkon, bari mu tuna abin da ya sami kuɗin Sudan. A watan Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a rana guda. A wannan shekara tsadar kaya ta ƙaru da kimanin kashi 359 cikin ɗari. A ƙarshen 2022 Kwamitin Malaman Sudan ya shiga yajin aiki wanda ya kai har cikin Janairu 2023, yana neman a ɗaga mafi ƙanƙancin albashi daga fam 12,000 zuwa 69,000. Malaman gwamnati ke nan, masu ƙungiya, masu murya. Su ne suka kasance a sahun gaba cikin zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a 2019, har ɗayansu, Ahmad al-Khair na Khashm al-Girba, ya mutu a hannun jami'an tsaro a farkon Fabrairu na shekarar. Idan masu ƙungiya sun kai ga rufe makarantu kafin a saurare su, ina labarin wanda yake aiki shi kaɗai a rumfar wani, ba takardar ɗauka aiki, ba wanda zai tsaya masa?

Yadda aka saba a irin waɗannan wurare, ko a Kalakla ko a Sabon Gari, shi ne a biya malami bisa ga darasin da ya koyar, ko kuwa a ba shi wani kaso daga abin da ɗalibansa suka biya. A kunne abin yana da daɗi, kowa ya ci gwargwadon guminsa. Amma bari mu bi shi a hankali. Ran da aka ɗauke wuta yara suka watse, malami ya riga ya biya kuɗin mota ya zo, ya koma hannu wofi. Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, ba darasi, ba lada. Bayan jarrabawa, sa'ad da ɗalibai suka tafi hutu wata biyu ko uku, cikinsa ba ya tafiya hutu. Daren da ya raba yana duba takardun gwaji da shirya darasin gobe, ba a lissafta shi cikin aiki. Uban da ya ƙi biya, daga kason malami ake cire bashinsa. Ashe kowace hasara da za ta iya aukuwa a wannan sana'a an tattara ta an aza a kan mutum ɗaya. Mai wurin kuwa, in wata ya yi muni, bencinansa suna nan, allonsa yana nan, sunan cibiyarsa yana nan, watan gobe zai ci moriyarsu. Ruwa ana iya tare shi a madatsa har rani, amma sa'a biyun da malami ya tsaya ranar Talata ba inda ake ajiye su. In ba a biya su ba, sun tafi ke nan.

Gaskiya ne akwai 'yan kaɗan da suka yi suna, waɗanda ake rubuta sunayensu da manyan baƙaƙe a bango, ɗalibai suna cika musu zaure lokacin da jarrabawa ta gabato. Su ne suke yanka wa mai cibiya farashi. Ba su nake nufi ba, kuma kada a riƙa nuna su ana cewa ai malaman lesin suna cikin daula.

In ka kai wa mai cibiya wannan magana, amsarsa a shirye take. Zai ce, "Ai shi ya yarda. Ban ɗaure shi ba. Na faɗa masa abin da zan iya, ya ce ya ji ya gani. In bai yi masa ba, ga ƙofa, akwai goma a waje suna jira." Ban raina wannan amsa ba, gama akwai gaskiya a cikinta. Ciniki bisa yarda shi ne tushen zaman kasuwa, kuma mutumin da ya yi alkawari ya kamata ya cika. Mai cibiyar ma sau da yawa ba attajiri ba ne. Wataƙila tsohon malami ne da ya gaji da jiran albashi, ya kama hayar ɗaki biyu. Yana biyan haya, yana sayen man janareto, yana fama da iyayen da su ma ba su da shi. Tambayar da take gabanmu ita ce, ko yardar ma'aikaci ta isa ta wanke mai ba da aiki?

A ganina ba ta isa ba. Yarda tana da nauyi gwargwadon ikon da mai yardar yake da shi ya ce a'a. Mutum biyu suna ciniki, ɗaya in cinikin ya watse zai kira wani gobe da safe, ɗayan kuwa in ya watse yaransa za su kwana da yunwa. Dukansu sun ce "na yarda", amma bakinsu kaɗai ne ya yi daidai. Mun san labarin Isuwa da Yakubu a Littafin Farawa sura 25. Isuwa ya dawo daga jeji a galabaice, ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a bakin abinci ƙwarya ɗaya, har da rantsuwa. Ba abin da ya rage a cikin ƙa'idar ciniki. Littafi Mai Tsarki ya zargi Isuwa da raina gādonsa, wannan haka yake. Amma ban taɓa jin uwar da ta zaunar da ɗanta ta ce masa ya yi koyi da Yakubu a ranar nan ba. Kowa ya san cewa wanda ya jira sai ɗan'uwansa ya ji yunwa sa'an nan ya kawo ciniki, ya ci da yunwar ne. Maganar "akwai goma a waje suna jira" ita kanta shaida ce a kan mai faɗinta, gama tana nuna ya san sarai abin da ya sa malamin ya yarda.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa a kan halin ma'aikata, wadda ake kira Rerum Novarum. A ciki ya ɗauki wannan gardama ta yarda, ya nuna cewa akwai adalcin da ya girmi kowace yarjejeniya, watau lada ya isa ya riƙe ma'aikaci mai tsimi, kuma wanda tilas ko tsoro ya sa ya karɓi abin da bai kai haka ba, an ƙware shi ne ko da ya sa hannu. Ba sai mutum ya zama ɗan Katolika kafin ya ga ƙarfin wannan magana ba.

Na sha jin masu makarantu a cikinmu suna kāre kansu da misalin ma'aikatan gonar inabi na Matiyu sura 20, inda mai gona ya tuna wa masu gunaguni cewa a kan dinari guda suka shirya. Amma a karanta misalin duka. Dinari shi ne ladan yini da aka saba biyan ɗan ƙodago a lokacin, mai gonar bai nemi ragi don ya ga mutane suna zaune a kasuwa ba aiki ba. Ya biya da maraicen ranar, bai ce su dawo mako mai zuwa ba. Kuma ikon da ya ce yana da shi a kan dukiyarsa, ya mori shi ne wajen ƙara wa waɗanda suka zo a makare, har suka sami abin da zai ciyar da gida. Wanda yake so ya fake da wannan mai gona, sai ya ɗauki halinsa gaba ɗaya.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan jinkiri, gama a nan ne zunubin ya fi ɓuya. Mutane da yawa da ba za su taɓa cin kuɗin malami ba, ba sa jin komai in sun riƙe shi wata biyu. Suna cewa, "Ai zan biya, ba hanawa na yi ba." Shari'ar Musa ba ta ga abin haka ba. A Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 24 an umarta a biya ɗan ƙodago a ranar da ya yi aiki, kafin rana ta faɗi, an kuma haɗa baƙo da ɗan gari a cikin umarnin. Dalilin da aka bayar shi ne talaucinsa, gama ransa yana rataye a kan ladan. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta kwatanta ladan da aka danne da abu mai ƙara wanda kukansa yake kai wa kunnen Allah. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da hadisi a kan biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, don haka a Jabal Auliya ba wanda zai ce addininsa bai faɗa masa ba. Dokar duniya ita ma ta bi sawu: yarjejeniyar kāre lada ta Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya, ta 1949, ta wajabta biyan albashi a kan kari, Sudan kuwa ta amince da ita a 1970.

A ƙasar da kuɗi yake narkewa, ana iya auna jinkiri da alƙalami. In tsada ta ƙaru da kashi 359 cikin ɗari a shekara, kamar yadda ta yi a Sudan a 2021, ma'anarsa kaya suna hawa da wajen kashi 13 cikin ɗari kowane wata. Malamin da aka riƙe wa lada wata uku a irin wannan shekara, ran da aka biya shi, kusan sulusin abin da kuɗin zai saya ya riga ya tafi. An ƙirga masa takardun kuɗi cif, ba ko ɗaya da ya ɓace, amma buhun dawarsa ya ragu. Ina sulusin ya tafi? Yana wurin wanda ya juya kuɗin wata uku. Bashi ne aka ci daga talaka ba da izninsa ba, aka kuma mayar masa da shi a gutsure.

Ni kaina na ɗanɗana wannan. Bayan na gama makaranta na koyar da lesin a wani gari a Arewacin Nijeriya, a wurin wani dattijo mai fara'a wanda ba ya fashin sujada. Kowane ƙarshen wata sai ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, iyaye ba su kawo ba tukuna." Ni kuwa sai in ce, "Ba komai, Baba." Na daɗe kafin in lura da wani abu. Mai gidan da muke haya ba a taɓa ce masa ya yi haƙuri ba, gama yana da kwaɗo da mabuɗi. Mai sayar da man janareto ba ya ba da bashi. Mai buga takardun gwaji sai ya ga kuɗi yake sakin aiki. Ashe ana biyan mutane ne bi da bi gwargwadon ɓarnar da kowannensu zai iya yi, ni kuwa da ba na iya ɓata komai sai aka sa ni a ƙarshen layi. Haƙurina shi ne jarin da ake juyawa.

Wannan ne ya ba ni ma'aunin da nake auna mai cibiyar da ya ce ba shi da hali. Mai yiwuwa ne da gaske ba shi da shi. In aka tilasta wa kowace rumfar lesin a Mayo ta biya albashi irin na babbar makaranta, da yawa za su rufe, yara su rasa, malamin ma ya rasa ɗan abin da yake samu. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuwa san wanda ya warware ta sarai ba. Amma akwai bambanci tsakanin talaucin da aka raba da talaucin da aka juye wa mutum ɗaya. Mai cibiyar da yake cikin ƙunci na gaskiya ba zai ji tsoron buɗe littafin kuɗi a gaban malamansa ba: ga abin da ya shigo, ga haya, ga mai, ga abin da ya rage, ga nawa, ga naku. In wata ya yi muni, kowa ya ji a jikinsa, har da shi. Wanda ya ce babu, amma ya ɓoye littafi, ya kuma ɗauki nasa kason tun ranar ɗaya ga wata, ya riga ya amsa tambayar da kansa.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Sudan ne. A Nijeriya an ɗaga mafi ƙanƙancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Cibiyar lesin nawa ce take da ma'aikata 25? Yawancin malaman nan doka ta bar su a hannun lamirin mai wurin, da namu.

Na ce da namu, gama mu iyaye muna ciki dumu-dumu. Mukan taya lesin kamar muna tayin tumatir da yamma. Mukan biya kuɗin ankon biki a kan lokaci domin kada a ji kunya, mu bar na malami sai an ga hali, domin shi ba zai yi mana tsiya a bainar jama'a ba. Mai cibiyar da ya ce iyaye ba su kawo ba, sau da yawa ba ƙarya yake yi ba.

Malamin ma ba zan wanke shi sarai ba. Akwai wanda yakan rage ƙoƙari a ajin safe da gangan, ya ɓoye maganin tambayoyi masu wuya, ya ce wa yara wanda yake son ya gane sai ya same shi da yamma. Wannan ya sayar da abu ɗaya sau biyu, kuma yaron da ubansa ba shi da kuɗin yamma shi ya biya. Ƙarancin albashi ya bayyana yadda mutum yakan kai ga haka, amma bai mai da shi halal ba. Abin lura shi ne, hujjarsa da ta mai cibiya ɗaya ce. Shi ma cewa yake yi ai uban yaron ne ya kawo shi da kansa.

Sauran mu, ikilisiya. A Kartum ikilisiya ta yi aikin da ya isa a tuna. Tun 1929 aka buɗe Kwalejin Comboni, kuma a 1986 Babban Bishop Gabriel Zubeir Wako ya kafa shirin makarantu domin 'ya'yan 'yan gudun hijira, wanda ya kai karatu cikin sansanoni da unguwannin bayan gari a rumfunan kara da ɗakunan laka. Duk inda aka yi irin wannan aiki, a kan wuyan malamai masu karɓar kaɗan aka yi shi, waɗansunsu kuwa da farin ciki suka ba da kansu. Amma daidai nan ne tarko yake a gare mu. A makarantunmu da darussan maraice da muke yi a harabar majami'u, a ƙasashe da yawa, kalmar "aikin Ubangiji ne" ta zama abin da ake rufe bakin malami da shi ran da ya tambayi albashinsa. Manzo Bulus ya yi aikin ɗinkin alfarwa domin kada ya nawaita wa kowa, amma a 1 Korantiyawa sura 9 ya tsaya ya tabbatar cewa yana da hakkin a biya shi, sa'an nan ya ce shi ne ya zaɓi ya bar hakkin. Hadaya sai mai ita ya miƙa da hannunsa. In kwamiti ne ya yanke wa malami hadayar da zai yi, alhali ana tara baiko domin sabon rufi da kayan kiɗa, to, a nemi wani suna a ba abin.

Waɗansu za su ce a hana lesin ɗin gaba ɗaya a huta. An gwada. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, ya koma ɓoye ya ƙara tsada, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Sin ta hana cibiyoyi cin riba da darussan makaranta a 2021, malamai masu ɗimbin yawa suka rasa aiki. Muddin jarrabawa ɗaya ce take raba arziki, iyaye za su nemi ƙari, ko a fili ko a ɓoye, kuma malamin da yake aiki a ɓoye ya fi na fili rashin mai tsaya masa.

Duk abin da na faɗa a kan Kartum, yaƙi ya zo ya ninka shi. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ran 15 ga Afrilu 2023. A watan Oktoba na shekarar, UNICEF ta ce yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. A watan Nuwamba RSF ta kama Jabal Auliya, gadar da take kan madatsar ta lalace a cikin faɗan. Malaman gwamnati a jihohi da yawa sun yi watanni ba albashi. Ɗaliban da ya kamata su zauna Shahada a 2023 ba su zauna ba sai a ƙarshen Disamba 2024. Soja ya karɓe Jabal Auliya a ƙarshen Maris 2025, a watan Mayu kuma kwalara ta bi ta kan kudancin Kartum da Umdurman.

A wurin da aka yi irin wannan ɓarna, rumfar lesin takan riga makaranta tashi, gama ba ta bukatar komai sai inuwa da allo. Yaran da suka yi hasarar shekara biyu suna bukatarta ƙwarai, iyaye kuma za su sayar da abin da ya rage musu domin su biya. Malamin da ya dawo ya tarar an kwashe ɗakinsa har ƙofa da taga, zai karɓi duk abin da aka miƙa masa. Ba a taɓa samun lokacin da "na yarda" ta yi araha kamar wannan ba, kuma abin da aka saba da shi a shekarun farko na komowa shi zai zama al'ada. Wanda zai buɗe irin wannan wuri, ko mutum ɗaya ne ko ikilisiya, abin da ake nema gare shi bai fi ƙarfinsa ba. Ya rubuta a takarda nawa ne ladan da ranar biyansa, kowa ya riƙe kofi. Ya ɗauki bashin iyaye a kansa, tun da shi ne ya karɓi yaran. Ya ware wani abu kaɗan kowane wata saboda ranar ciwo da watannin hutu. In kuɗi ya kasa, ya je ya roƙi mai gidan haya haƙuri kafin ya roƙi malami, ko da yake na san wannan ya fi wuya, gama mai gida ba zai ce "Ba komai, Baba" ba.

Shekaru bayan na bar wurin dattijon nan, na ɗauki wani saurayi yana zuwa gida yana koya wa 'yata lissafi sau uku a mako. Wani wata hidima ta yi mini yawa, ga gyaran mota, ga gudummawar bikin wani ɗan'uwa. Na biya bakanike a ranar, gama ba zai saki motar ba. Na kai gudummawa, gama za a karanta sunaye. Saurayin ya zo ranar Laraba, ya zo Jumma'a, ya koyar, ya tsaya kaɗan a bakin ƙofa yana gyara igiyar takalminsa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sai da matata ta tambaye ni da dare ko na san da ƙafa yake zuwa daga bayan tasha, sa'an nan na tuna wanda ya taɓa tsayawa haka a bakin ƙofar wani. Na biya shi ranar Litinin, kwana 11 bayan ƙarshen wata. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara buɗi."